SHARHI: Zaɓen Harshen Manhajar Waya da Darasin Dogon Kafanchan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama da matasan nan masu rubuta manhajar wayar hannu ya san akwai wani lokaci da zance kan kuɓuce masa. An gama bayanin abin da ake so manhajar ta yi, an taɓo batun kuɗi, sai ɗaya daga cikinsu ya ce shi da Flutter zai yi aikin, na biyu ya ce a'a, Kotlin ya fi inganci, na uku kuma ya kawo React Native. Daga nan mai kuɗi yakan yi shiru, ya ce su je su daidaita tsakaninsu tunda su ne masana. A ganina wannan shiru kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, domin abin da ake yankewa a wannan ɗan lokaci shi ne ko dukiyar da za a zuba za ta yi shekara goma tana aiki, ko kuwa za ta zama kufai kafin damina biyu.

Ga wanda bai saba da sha'anin ba, harshen manhaja shi ne tsarin kalmomi da ƙa'idojin da mai rubutu ke amfani da su wajen ba wa na'ura umarni. Mai saye ba ya ganin harshen, kamar yadda mai haya ba ya ganin tubalin da ke bayan shafe. Amma ran da bango ya tsage, irin tubalin ne zai nuna ko akwai maginin da zai iya gyara a garin, ko sai an aika nesa, ko kuwa sai an rushe an sake.

Mutanen Kafanchan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin garinsu da kansa ya samu ne daga irin wannan zaɓe. Tsakanin 1912 da 1914 Turawan mulki sun shimfiɗa wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali kuwa babban dogon ƙasa ƙafa 3 da inci 6 ne. An zaɓi siririn ne saboda ya fi araha kuma ya fi saurin ginuwa, kuma babu shakka ya yi aikinsa. Sai dai duk kayan da ya ɗauko tilas ne a sauke su a Zariya a sake loda su a wasu taragai, saboda jirgin wancan dogo ba ya hawa wannan. Da aka buɗe layin Kafanchan zuwa Jos a 1927 mai faɗi irin na sauran ƙasa, kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa Fatakwal, kwal na Inugu ya sami hanya zuwa ma'adinai, siririn dogo ya shiga ja da baya har aka rufe shi a 1957. Kafanchan ta zama mahaɗa, ta cika da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa. Yau kuma ga shi reshe ya juya da mujiya: dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, kuma tarago ko ɗaya daga cikinsa ba zai iya taka tsohon layin da ya ratsa Kafanchan ba. Ba wanda ya yi wauta a 1912. Abin da aka duba shi ne kuɗin gini, abin da aka bari kuwa shi ne da wa za a haɗu a gaba.

To, bari mu sauko kan waya. Tambayar farko da ya kamata mai ba da kwangila ya yi ba ta shafi harshe ba sam. Tambayar ita ce: wace irin waya ce a hannun wanda zai yi amfani da manhajar? Wanda ya zaga kasuwannin citta na Kachia da Kwoi da Kubacha, ko kasuwar Zonkwa, ko babbar kasuwar Kafanchan, ya lura da abin da ke hannun manoma da dillalai da masu awo, ya san amsar. Mafi yawa Tecno ne da Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, sai Samsung nan da can. Masu babban gilashi daga cikinsu duk Android ke tafiyar da su, kuma da yawa ƙanana ne masu ƙarancin wurin ajiya, irin waɗanda Google ya fito da Android Go dominsu a 2017. Banda su akwai ɗimbin masu riƙe da ƙaramar waya mai maɓallai wadda ba ta ɗaukar manhaja ko kaɗan, kuma da yawa daga cikin matan da ke fere citta da shanya ta suna cikin wannan rukuni. Wayar iPhone akwai ta, amma a aljihun babban ɗan sari ko ɗan da ya zo hutu daga Abuja.

Wannan kaɗai ya isa ya rage gardama da rabi. Harshen Swift, wanda kamfanin Apple ya fitar a 2014 don ya gaji Objective-C, kyakkyawan harshe ne, amma gidansa iPhone. Mai rubutu da shi sai ya mallaki kwamfutar Mac, sannan a riƙa biyan Apple dala 99 kowace shekara kafin manhaja ta zauna a shagonsa. Lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin hukuma, kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, wannan kuɗi bai wuce naira 45,500 da 'yan kai ba. Da dala ta kai naira 1,500 a 2024 sai ya koma naira 148,500. Shagon Google kuwa dala 25 ake biya sau ɗaya tak. Ƙungiyar manoma ko mai shagon kayan gini a Kagoro da aka ce masa lalle sai an yi masa ta iPhone, ya kamata ya nemi a lissafa masa mutum nawa ne cikin abokan cinikinsa za su sauke ta. In ba su cika bencin coci ɗaya ko sahun masallaci ɗaya ba, a ajiye zancen tukuna. Inda Swift ke da hujja shi ne wurin mai fitar da citta waje, wanda masu sayensa ke Dubai ko Landan ko Amurka, kuma shi ma sau da yawa shafin intanet mai kyau ya ishe shi.

Saura harsunan Android. Na asali shi ne Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, kuma da shi aka fara rubuta manhajojin Android tun fitowarsa a 2008. Tsofaffin hannu za su tuna cewa tun kafin haka ma wani ƙaramin nau'in Java ne ke tafiyar da Opera Mini da 2go a wayoyin Nokia. Kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010, ya kuma maka Google a kotu kan amfani da Java, shari'ar da ta ɗauki fiye da shekara goma kafin Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya a watan Afrilu na 2021. Ana cikin wannan ja-in-ja ne Google ya rungumi Kotlin, harshen da kamfanin JetBrains ya ƙirƙira, ya amince da shi a 2017, ya kuma bayyana a 2019 cewa shi ne ya fi so a riƙa amfani da shi. Java bai mutu ba, bankuna da manyan kamfanoni na nan suna aiki da shi, kuma Kotlin na iya zama da shi cikin manhaja ɗaya ba tare da rikici ba. Amma wanda zai fara sabuwar manhajar Android yau da Java zalla, yana gini ne a gefen da ruwa ke janyewa.

Fa'idar Kotlin ga irin yankinmu ita ce yana magana da waya kai tsaye, ba tafinta. Manhajar da aka rubuta da shi da kyau takan fito ƙarama, ba ta cin wuri, ba ta wahalar da ƙaramar waya, kuma in ana bukatar haɗa ta da na'urar buga rasit ko sikelin awo ko na'urar ɗaukar zanen yatsa, nan ne aka fi samun sauƙi. Aibinsa shi ne ran da aka bukaci ta iPhone, sai an sake wani aiki, ko da yake tun Nuwamba 2023 JetBrains ya kammala wani tsari da ke ba da damar raba babban sashen rubutun tsakanin wayoyin biyu.

Sai masu cewa a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, wato a rubuta sau ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone. Manyansu biyu ne. React Native na kamfanin Facebook ne, ya fito a 2015, kuma da JavaScript ake rubuta shi, harshen da ke tafiyar da kusan kowane shafin intanet tun 1995. Flutter kuma na Google ne, cikakken fitowarsa ta farko a Disamba 2018, ana rubuta shi da harshen Dart. A nan bari in ɗan ratse, domin na sha jin ana haɗa su: Flutter ba shi da wata dangantaka da Flutterwave, kamfanin biyan kuɗi na Nijeriya. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka da Flutter ne kaɗai za a iya karɓar kuɗi ta Flutterwave, ko dai bai sani ba ko kuwa yana so ya yi maka wayo. Shi da Paystack duk ana haɗa su da kowane ɗaya daga cikin waɗannan harsuna.

Flutter yana zana komai da kansa a kan gilashin waya, saboda haka fuskar manhaja takan fito iri ɗaya a tsohuwar waya da sabuwa, kuma aiki da shi yana da sauri. Kuɗin wannan gata shi ne kowace manhaja tana ɗauke da injinta a ciki, abin da ke ƙara mata nauyin 'yan megabait tun kafin a rubuta mata komai. A Ikko wannan ba abin magana ba ne. A ƙauyen da ake hawa tudu a nemi sabis, kuma bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairu 2025, kowane megabait yana da mai biyansa. Ban da haka, Dart harshe ne da kusan ba a amfani da shi a wani wuri sai a Flutter. React Native kuwa babbar fa'idarsa ba ta cikin na'ura ba ce, ta cikin kasuwar ma'aikata ce: duk yaron da ya iya gina shafin intanet da JavaScript ya riga ya yi rabin tafiya. Aibinsa shi ne yawan dogaro da ƙananan kayan haɗi na mutane daban-daban, waɗanda in an bar manhaja shekara biyu ba a taɓa ta ba sukan saɓa wa juna, sabunta ta ya zama kamar warware zaren da kaza ta shiga.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Harsuna da kayan aikin nan suna mutuwa, kuma ba sa yin sallama da wanda ya zuba kuɗinsa. Akwai lokacin da BlackBerry ke mulkin Nijeriya, har ana yi wa wanda ba shi da ita kallon baƙauye. A Janairu 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. Symbian na Nokia ya tafi. Wayar Windows ta tafi. Kamfanin Adobe ya daina kula da PhoneGap a 2020. Xamarin, wanda Microsoft ya saya a 2016 kuma aka yi ta tallarsa a matsayin maganin rubutu sau biyu, an janye masa tallafi ranar 1 ga Mayu 2024, aka ce masu shi su ƙaura zuwa wani sabon tsari. Duk waɗannan manyan kamfanoni ne suka tsaya musu, saboda haka girman uban gida ba lamuni ba ne. Kuma ko harshe bai mutu ba, manhaja ba ta zama yadda aka bar ta, domin Google kan ɗaga ƙa'idar shagonsa kowace shekara, kuma wadda ba a sabunta ba a hankali sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Wanda ya sayi manhaja bai sayi gini ba, dabba ya saya, sai da kiwo.

Na ga wannan da idona a wata ƙungiyar masu tara citta da nake hulɗa da ita. Sun ba wani yaro haziƙi aikin manhajar da za ta riƙe musu lissafin wanda aka ba iri da taki bashi, da buhu nawa ya kawo bayan girbi. Ya yi aiki mai kyau, da wani kayan aiki da shi kaɗai ya iya a duk faɗin yankin, saboda shi ya koya a intanet kuma shi ke burge shi a lokacin. Bayan shekara guda ya sami aiki a kudu, daga can ya ƙetare. Ba cuta ya yi ba, gaba ya ci, kuma ba mai hana ɗan mutum neman arziki. Sai ga annobar ruɓar citta ta 2023, wadda ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, ta bar manoma da bashi ba amfanin gona. Ƙungiya ta yanke shawarar ɗage biyan bashi zuwa baɗi da kuma raba shi kashi-kashi, amma manhajar ba ta san wannan ba, ita dai ta san ranar biya ɗaya. Gyaran bai fi aikin mako guda ba ga wanda ya san harshen. Aka nema a Kafanchan ba a samu ba, aka nema a Kaduna da Jos, wanda aka samu ya ce sai dai ya rushe ya sake, ga shi kuma asalin rubutun yana cikin kwamfutar wancan yaro, rajistar shagon Google ma da sunansa aka yi. Ƙarshenta sakatare ya koma littafi mai layi da biro, yana kwafo sunaye ɗaya bayan ɗaya daga waya, a daidai lokacin da rikicin wa ke bin wa ya fi kowane lokaci zafi.

Saboda haka tambaya ta biyu, wadda a wurina ta fi ta harshe nauyi, ita ce: in wannan ya tafi, mutum nawa ne tsakanin Kafanchan da Kaduna da Jos da Abuja za su iya ɗaukar aikin daga inda ya tsaya? Harshen da ya fi kyau a takarda amma masu shi biyu ne a jihar, ya fi harshe matsakaici mai mutum ɗari haɗari. Wannan ma'auni yana fifita JavaScript da Kotlin da Java, Flutter kuma ya sami mabiya da yawa cikin matasan Nijeriya a 'yan shekarun nan. Mai ba da kwangila na iya gwada wannan da kansa ba tare da ya san komai a kan kwamfuta ba: ya ce wa mai neman aikin ya kawo masa sunayen mutum uku da ba abokan kasuwancinsa ba waɗanda za su iya gyara abin da zai rubuta. In ya yi ta inda-inda, an sami amsa.

Wasu za su ce zamanin ya wuce wannan damuwa, tunda tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta manhaja da kansu. Gaskiya ne sun rage wahala ƙwarai, kuma yaro ɗaya yau yana yin aikin da dā sai mutum uku. Amma su ma sun fi ƙwarewa a harsunan da aka fi yawan rubutu da su, don haka sun ƙara wa sanannun harsuna ƙarfi ne, ba su rage ba. Kuma in lissafin bashin mutum ɗari uku ya rikice, ba na'ura za a kira gaban shugabannin ƙungiya ta yi bayani ba.

Tambaya ta uku ita ce ko manhajar za ta yi aiki ba sabis. Wannan ba zancen ƙauye kaɗai ba ne. Daga ƙarshen Satumba 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna kusan wata biyu saboda matsalar tsaro, kuma wanda kasuwancinsa ya rataya ga intanet ya ji a jikinsa. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun naira bayan canjin kuɗi, jama'a suka yi wa manhajojin bankuna rubdugu har da yawa suka riƙa sarewa, 'yan kasuwa suka koma ga na'urorin POS na irin su Moniepoint da OPay. Manhajar da ta dace da kudancin Kaduna ita ce wadda ke ajiye bayani a cikin wayar kanta, mai awo ya shigar da buhunansa a Kubacha ko da babu sanda ko ɗaya ta sabis, in ya iso inda ake samu ta aika da kanta, kuma ta san yadda za ta yi in mutum biyu sun taɓa lissafi ɗaya a wurare daban. Dukkan harsunan da muka ambata suna iya wannan. Abin da ke bambanta shi ne ko mai rubutun ya taɓa yin irinsa, domin yawancin darussan da ake koyo a intanet an shirya su ne don ƙasashen da sabis ba ya yankewa.

Wannan darasi ma ba sabo ba ne a Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma Dokta John Dada ya daɗe yana jagoranta a unguwar Bayan Loko, ta fara ne da ba mata ƙananan rance kafin ta shiga koyar da kwamfuta, daga baya ta kafa Zittnet don kai intanet ta iska zuwa makarantu da cibiyoyin yankin. Abin da suka gano tun da wuri shi ne kwamfutocin da aka ƙera don ofisoshin Turai ba sa jure zafi da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, har ta kai su ga shiga gwajin wata kwamfuta mai suna Solo, marar cin wuta, mai aiki da hasken rana. Sun fara da yanayin wurin ne, sannan suka nemi na'urar da ta dace da shi. Yawancin masu neman manhaja yau suna yin akasin haka.

Har ila yau akwai wanda bai kamata a yi masa manhaja ba sam, kuma mai rubutu na gari zai faɗa masa haka ko da zai rasa kwangila. In abokan cinikinka masu ƙaramar waya ne, hanyar ita ce saƙon tes ko lambobin USSD, irin *737# da *901# da *894# da kowa ya haddace. Shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya da aka fara a 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina ke ministan gona, ya isa ga manoma ne ta saƙon tes, ba ta manhaja ba, kuma inda ya yi tuntuɓe ma galibi rashin sabis ne a ƙauyuka. USSD ba kyauta ba ne, a Maris 2021 aka sa naira 6.98 a kan kowace hulɗar banki, kuma samun lamba sai ta hannun kamfanoni masu lasisi. Amma yana aiki a kowace waya, ba ya cin data, kuma abin da ke bayansa ana iya rubuta shi da PHP ko Python ko Java, harsunan da masu su ba su da wuyar samu. Mai otal ko makaranta ko shagon magani kuwa, sau da yawa shafin intanet da ke buɗewa da kyau a waya, haɗe da lambar WhatsApp, ya fi masa manhajar da ba wanda zai yarda ya goge hotunan bikin 'yarsa don ya sama mata wuri.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa sai an gama aiki shi ne haruffa. Hausa ce harshen kasuwa a yankin, kuma tana da ɓ da ɗ da ƙ. Tyap da Jju suna da wasula masu layi a ƙarƙashi, Hyam da sauran harsunan yankin ma kowanne da nasa alamomin, ga shi kuma matasa sun tashi haiƙan wajen rubuta su, har Tyap ta sami nata kundin Wikipedia a 2022. Duk harsunan manhaja na zamani suna ɗaukar waɗannan haruffa, amma ba kowane salon rubutu da aka zaɓa don ado ke nuna su ba, kuma na'urorin buga rasit masu araha sukan mayar da su alamar tambaya. A gwada sunan mutum mai ƙ a rasit tun ranar farko. A kuma tabbatar cewa in an nemi Ɗanladi an rubuta Danladi, manhajar za ta nemo shi, domin ba kowa ke da allon rubutu mai lanƙwasa ba.

In an tambaye ni hukuncina, ga shi, kuma na san akwai masana da za su saɓa. Ƙungiyar manoma, ko ɗan sari mai wakilai a kasuwanni, ko duk wanda manhajarsa ta ma'aikatansa ce kuma za ta yi aiki a daji da na'urorin awo da rasit, ya ɗauki Kotlin ya manta da iPhone. Wanda ke son jama'ar gari su sauke manhajarsa, kuma yana da hujjar cewa masu iPhone na cikin masu biyansa, ya zaɓi tsakanin Flutter da React Native bisa ga wanda ya fi samun masu gyara a kusa. In yana da shafin intanet da mai kula da shi, React Native ya fi kusa da gida. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne sabon kayan aikin da ya fito bara, komai daɗin bakin mai tallarsa. A bar masu kuɗin gwaji su gwada.

Manyan makarantun yankin ma suna da hannu a nan. Ga harabar Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki da aka kafa a Kachia a 2025, ga kuma shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha da aka ƙaddamar a 2023. In kowace cibiya ta kama nata harshe daban, za a yaye ɗalibai da yawa amma ba za a sami taron masu sana'a ɗaya da ɗan kasuwa zai dogara da shi ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da bakin da za su zauna da masu koyarwa su ce ga abin da muke bukata, kamar yadda masu motoci suka san dalilin da ya sa ake sayen motar da kayan gyaranta ke Panteka.

Kowane harshe aka zaɓa, akwai abubuwan da dole su shiga takardar yarjejeniya kafin a biya kashin farko. Rajistar shagon Google ta kasance da sunan kamfani ko ƙungiya, da adireshin imel ɗinta, ba na mai rubutu ba. Asalin rubutun manhajar a ajiye shi a ma'ajiyar intanet da mai kuɗi ke riƙe da mabuɗinta, a riƙa zuba shi a duk matakin biya, ba sai ranar ƙarshe ba. A rubuta ko nawa ne kuɗin kiwo na shekara, da abin da ake biya da dala cikinsa, kamar hayar kwamfutar ajiya da taswira. A tanadi hanyar fitar da dukkan bayanai zuwa jadawalin da za a iya bugawa a takarda a duk ranar da aka so. Kuma tunda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta fara aiki a Yuni 2023, alhakin sunaye da lambobin waya da bashin mutanen da aka tara yana wuyan mai kasuwancin ne, don haka a san inda ake ajiye su da wanda ke iya buɗewa.

Kashin ƙarshe na kuɗin kuma kada a biya shi a ofis. A ɗauki mai rubutun a mota ranar kasuwar Kwoi, a miƙa manhajar ga mai awon da ya fi kowa tsufa, a kan wayarsa ta kansa mai fasasshen gilashi, a kashe data, a ce ya shigar da buhu goma.